Lebura mai alƙalami da 'yan bokon da ke mulki: wa talaka zai yarda da shi?

Malamin Tarihi, Gusau:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Maganar da ke yawo a majalisunmu ita ce 'yan boko sun ci amanar talaka, kada a sake yarda da mai digiri. Ina so mu tattauna ta ta bakin mutumin da ya yi suna da faɗinta a Amurka, Eric Hoffer. Bai zauna a aji ba. Leburan gona ne mai bin kaka a jihar Kalifoniya, ya taɓa wankin zinari a duwatsu, daga 1943 kuma ya zama ɗan dako a tashar jiragen ruwa ta San Faransisko, ya yi fiye da shekara 20 yana sauke kaya. A 1951 ya fitar da littafinsa na farko, The True Believer, a kan yadda guguwar jama'a ke tashi, ta siyasa ce ko ta addini ko ta kishin ƙasa. A 1983, watanni kaɗan kafin mutuwarsa, Shugaba Reagan ya ba shi lambar yabo mafi girma da ake ba farar hula a ƙasar.

Ba kowane mai ilimi yake suka ba. Wanda yake nufi shi ne mutumin da ke ganin karatunsa ya ba shi ikon juya rayuwar sauran mutane, ko sun so ko ba su so ba. A lissafinsa guguwa hawa uku gare ta. Masu baki da alƙalami su ke fara zubar da mutuncin tsohon tsari, sau da yawa don ba a ba su matsayin da suke ganin sun cancanta ba. Masu zafin kai su zo su rushe shi. Daga nan masu iya riƙe mulki su gaje filin. Talakan da ya ba da jininsa a hawa na biyu ba ya cikin rabon hawa na uku. Shin wannan ya yi daidai da abin da muka gani a Zamfara da Kebbi?

Baba Na-Mafara:
Wa alaikumus salam Malam. Ba sai mun tai Amurka ba, ga Bakolori nan. An gina dam bisa Gulbin Sakkwato tsakanin 1974 da 1978. Masu zane sunka ce za a shayar da hekta 23,000, kamar 15,000 da injin yayyafi, sauran ta hanyar kwalbatoci da magudanai. Don a daidaita ƙasa anka shigo da katafila, anka sare itatuwa, anka share iyakokin gonaki. Manomi ya san gonarshi da tsamiya da kuka da kunyar da kakanshi ya tada. Da anka share waɗanga, takardar da anka rubuta ofis ita kaɗai ta rage shaida, kuma ba shi iya karanta ta. Wasu sun yi damina biyu ko uku ba su yi shuka ba, diyya ba ta zo daidai ba. Da mutane sunka tare hanyoyi, cikin Afrilun 1980 anka turo 'yan sandan kwantar da tarzoma, anka kashe mutane Birnin Tudu da kewaye. Gwamnati ta faɗi adadi kaɗan, mutanen wurin da masu bincike sun ce ɗaruruwa ne.

To mi ya biyo baya? Injin yayyafi shina son wuta kullum da kayan gyara daga waje, sai ya mutu. Mutanen gangaren gulbi kuma, da ambaliyar damina ke shayar ma fadamunsu, ruwa ya ragu, shinkafa da kifi sunka ja baya. Duk wanda ya sa hannu ga takardun nan mai digiri ne. Ba ko ɗaya cikinsu da ya rasa gona.

Injiniyan Ruwa, Birnin Kebbi:
Baba, Allah ya ƙara girma, duk abin da ka faɗa haka yake, amma akwai kashin farko na labarin. A 1969 hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ba da rahoto a kan kwarin Sakkwato da Rima, ta ba da shawarar ƙaramin dam a Bakolori, a tafi sannu a hankali, kada a birkita yadda mutane ke noma. Su ma masana ne suka rubuta wannan. Bayan haka aka ba kamfanonin Italiya sabon nazari, suka kawo shawarar babban aiki, kuma ɗaya daga cikinsu, Impresit, yana cikin waɗanda aka ba ginin. Wanda zai ci ribar gini in shi ya yi nazarin ko ginin ya dace, ba zai taɓa cewa a yi ƙarami ba. Saboda haka a Bakolori ilimi iri biyu aka ajiye gaban masu mulki, suka ɗauki mai kwangila a ciki. Tambayar da ya kamata a riƙa yi ita ce: wa ya biya masanin, kuma me zai same shi in shawararsa ta ɓaci?

Baba Na-Mafara:
Injiniya, na ji. Amma shi mai shawarar ta gari ina ya shiga lokacin da anka turo 'yan sanda? Rahoto cikin durowa bai taɓa tare harsashi ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Anka:
Baba ka yi haƙuri in sa baki. Ina jin tsoron maganar “kada a yarda da ɗan boko” in an sake ta haka ba linzami, domin a fannin lafiya yara ne ke biyan kuɗinta. A 2010 yara suka riƙa mutuwa da jijjiga a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. An zaci zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau. Sai da aka gwada jini aka gane gubar dalma ce daga dutsen zinarin da ake niƙawa a cikin gidaje da injin niƙan hatsi. Yara fiye da 400 suka rasu. Dalma ba ta da wari, ido ba ya ganinta a cikin ƙura, dattijon da ya fi kowa sanin ƙasar ba zai iya gano ta ba sai da na'ura.

Maganinta ma bi da bi ne. Da fari a kankare ƙasar saman tsakar gida da ɗakuna, a kai ta rami a binne, a zubo sabuwa mai tsabta. Bayan haka a ba yaron da gubar ta yi yawa a jininsa maganin da ke janyo ta ta fita da fitsari. In aka ba da magani ba a share gidan ba, aikin banza ne, yaro zai koma ya sake shaƙa. Sannan niƙa ta koma bayan gari, a jiƙa dutse kafin a niƙa don ƙura ta kwanta, mai aiki ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa. Bagega ta jira har 2013 kafin a fara share ta, saboda kuɗin gwamnatin tarayya ba su fito ba, likitoci kuma ba su iya fara magani kafin sharar. Ga masu ilimin da suka ceci rai, ga masu ilimin da suka zauna a kan fayil. Ta yaya za a haɗa su a suna ɗaya?

Haka rigakafin shan inna a 2003, da aka dakatar a Kano da Zamfara da Kaduna. Zargin yana da tushe, domin mutane ba su manta gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a Kano a 1996 ba. Amma dakatarwar ta sa cutar ta sake bazuwa har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.

Almajirin Gwandu:
Allah ya gafarta Malam, ni abin da ya dame ni shi ne ɗauko mana wannan mutum a matsayin madubi. Hoffer bai yi imani da Allah ba, ya goyi bayan yaƙin Biyetnam, a 1968 ya rubuta maƙalar kare Isra'ila da har yau ake yawo da ita, kuma baƙaƙen fatar Amurka sun yi kuka da kalamansa a kansu. Mu kuwa muna da namu. Malam Abdullahi na Gwandu, ƙanin Shehu, bayan an fara samun nasarar jihadi ya ga wasu daga cikin jama'a sun karkata ga neman sarauta da dukiya da dawaki, ransa ya ɓaci har ya bar rundunar da niyyar tafiya gabas. A Kano mutane suka tsayar da shi, a can ya rubuta Liya'ul Hukkami, yana bayyana yadda ake riƙon jama'a bisa shari'a. Wanda ya fi kowa ilimi a cikin tafiyar shi ya fara tuhumar masu mulkinta. Wannan ya rushe zancen cewa ilimi ne ke lalata shugaba.

Malamin Tarihi, Gusau:
Malam na Gwandu, abin da ka lissafa a kan Hoffer gaskiya ne, kuma akwai ƙari. Labarin ƙuruciyarsa, har da cewa ya makance yana ɗan shekara 7 ya warke yana 15, daga bakinsa kaɗai aka ji, masu binciken tarihinsa ba su sami takardar da ta tabbatar ba. Kuma aibin da ya fi kama mai karatun kai da kai ya kama shi: yana yanke hukunci mai faɗi a jimla ɗaya mai daɗin ji, ba tare da ya kawo hujjar da za a bi a duba ba. Ba na ce a bi shi ba. Na kawo shi ne don hawa ukun nan nasa sun bayyana abin da Malam Abdullahi ya gani da idonsa kusan shekara 100 kafin a haife shi.

Sai dai a lura da abin da ya ba shi damar yin karatun. Yana da katin laburare na kyauta a garuruwan da yake bin aikin gona. A tashar jirgi kuma, bayan yajin aikin 1934, ƙungiyar ƙwadago ce ke raba aiki bi da bi, lada kuma yana da kyau, don haka mutum na iya yin 'yan kwanaki a mako ya huta sauran. Yana yawo da ƙaramin littafin rubutu a aljihu, yana rubuta tunani lokacin hutun aiki. Irin waɗannan littattafan guda 131 suna ajiye a cibiyar Hoover ta jami'ar Stanford. Ɗan dakon kasuwar Gusau ba ya da laburare kusa, ba ya da ranar hutu mai lada. In muna son irinsa a cikinmu, wannan giɓin za mu fara cikewa.

Malamar Yaƙi da Jahilci, Argungu:
Malam, giɓin yana cikuwa in an tsara. Mu ba baƙin karatun manya ba ne. Karatun zaure haka yake, magidanci ya tashi daga kasuwa ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya gaban malami, a biya masa layi kaɗan, gobe ya maimaita kafin a ƙara. Hajiya Gambo Sawaba a firamare karatunta ya tsaya, amma ta tsaya gaban sarakuna da alƙalai a kan haƙƙin mata, aka ɗaure ta fiye da sau goma.

Ga yadda ajin manya ke ɗorewa. Kada ya wuce mutum 10 zuwa 12, in ya fi haka masu kunya ba sa buɗe baki. Zama biyu a mako, awa ɗaya kowanne, ga maza tsakanin magariba da isha ko bayan isha, ga mata da hantsi bayan an gama aikin safe. Shafi biyu ko uku sun isa a zama ɗaya. Mutum ɗaya ya karanta da ƙarfi, kowa ya faɗi abin da ya fahimta da bakinsa, sannan ya rubuta shi a jimla ɗaya a littafinsa, ko da boko ko da ajami. A ƙarƙashin jimlar ya rubuta wa ya faɗa, a ina, yaushe. Wannan layi na biyu shi ke raba mai karatu da mai jita-jita.

Abin da ke kashe aji sananne ne. In damina ta faɗi mutane na watsewa, don haka a fara bayan girbi, a yi wata biyar ko shida a jere. In mutum ɗaya ya fi kowa baki, ajin ya koma wa'azinsa, sai a riƙa juya jagorancin zama. In ɗan siyasa ya sayo tabarma da fitila, ajin ya zama nasa, gara kowa ya riƙa ba da ɗan abin da ya sawwaƙa. Mafi muni kuma shi ne a mai da saƙon murya na WhatsApp littafin karatu. Wanda ba ya da mai yi masa gyara, in ya saurari ɓangare ɗaya shekara guda, zai fito da tabbacin da ya fi na farfesa, kuma ba abin da zai sauke shi. Kowane batu a nemo wanda ya saɓa, a karanta shi da adalci kafin a yanke.

Lauya, Birnin Kebbi:
Hajiya ta kawo hanya. Ni kuma bari in gyara wani kuskure da ake yawan yi, cewa doka ce ta keɓe mulki ga masu digiri. Tsarin mulkin 1999 bai nemi digiri ba ko ga shugaban ƙasa. Sashe na 131 da 177 da 65 da 106 duk takardar sakandare ko makamanciyarta suka ce. Sashe na 318 ya buɗe ƙofar fiye da haka: mai takardar firamare ma ya isa, in ya yi aiki na shekara 10 a gwamnati ko wani wuri mai zaman kansa, ya halarci kwasa-kwasan da suka kai shekara ɗaya a jimlace, kuma yana iya karatu da rubutu da magana da Turanci yadda hukumar zaɓe ta gamsu.

Abin da ya tare ƙofar kuɗi ne da jam'iyya. Ba a takara sai jam'iyya ta tsayar da mutum. A 2022 fom ɗin APC na majalisar jiha naira miliyan 2 ne, na majalisar wakilai miliyan 10, na sanata miliyan 20, na gwamna miliyan 50. Mafi ƙarancin albashi a lokacin naira 30,000. Ma'aikacin da ke kan wannan albashi sai ya tara shi duka na fiye da shekara biyar da rabi, bai ci bai sha ba, kafin ya sayi fom mafi araha. Malamin firamare mai takardar NCE da makanike duk a waje ɗaya suke tsaye. Kuma mutanen Zamfara sun ga ƙarshen rikicin manya a ranar 24 ga Mayun 2019, da Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'un da aka jefa wa APC a jihar sun tashi a banza saboda ba a yi zaɓen fid da gwani na halal ba. Talaka ya yi layi cikin rana, rigimar da ba shi ya haɗa ba ta cinye ƙuri'arsa.

Baba Na-Mafara:
To Barista, in ba mu iya shiga, muna iya fid da wanda munka tura?

Lauya, Birnin Kebbi:
Baba, kiranye yana cikin sashe na 69 da na 110, amma 'yan majalisa kaɗai ya shafa, ban da gwamna. Sai fiye da rabin masu rajistar mazaɓar sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance sa hannun, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A wurin tantancewa yake mutuwa, domin sai mutane sun fito da kansu rumfa-rumfa, kamar yadda na Kogi ta Yamma ya mutu a 2018. Ban ba kowa shawarar ya zuba ƙarfinsa a nan ba.

Makamin da ya fi sauƙin ɗauka shi ne dokar 'yancin samun bayanai ta 2011. Kowa na iya rubuta wa ma'aikata ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalili ba. Wanda bai iya rubutu ba, wani na iya rubuta masa. Ana ba su kwana 7 su amsa, suna iya ƙara wasu 7 in takardun na da yawa. In sun hana ko sun yi shiru, akwai kwana 30 na zuwa babbar kotu, kuma hanawa ba bisa ƙa'ida ba na jawo tarar naira 500,000. Kuɗin da za su caje ka na kwafi ne kawai. Da jihohi na cewa dokar ta tarayya ce, amma a Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta ce ta hau kansu.

Inda mutane ke faɗuwa: su rubuta wasiƙar zagi, ko su ce a ba su bayanin duk kuɗin da aka kashe. Irin wannan ba a amsa ta. A nemi abu ɗaya mai suna: takardar ba da kwangilar gini kaza a gari kaza, sunan kamfani, adadin kuɗi, jadawalin kayan aiki da farashinsu, da takardun biyan da aka yi. A yi kwafi biyu, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan naka. In ba hatimin nan, da wuya a tabbatar wa kotu ranar da kwana 7 ɗin suka fara ƙirguwa.

Akawu Mai Ritaya, Ƙauran Namoda:
Ƙari a kan na Barista. Kada a tsaya a kasafin da gwamna ya karanta a majalisa, wannan alkawari ne. Takardar da ke da amfani ita ce rahoton aiwatar da kasafi da jihohi ke sa wa a shafinsu na intanet bayan kowane wata uku. Layi uku za a duba a gaban kowace ma'aikata: abin da aka ware, abin da aka kashe zuwa yanzu, da kashi nawa cikin ɗari ke nan. A kwatanta na gidan gwamnati da na lafiya matakin farko da na ruwan karkara. In watan Satumba ya wuce, wani layi ya kusa cinye rabonsa, wani bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, an san abin da aka fifita ba sai an yi gardama ba. A kuma duba aikin da ke dawowa da suna ɗaya shekara bayan shekara. Ga ƙananan hukumomi, 14 a Zamfara, 21 a Kebbi, ana wallafa rabon kowacce daga asusun tarayya duk wata, kuma tun 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta ce a biya su kai tsaye. Ajin da Hajiya ta tsara zai iya ɗaukar shafi ɗaya na wannan rahoto ya zama darasin mako.

Makanikin Famfo, Tsafe:
Malamai ku ba ni wuri. An ce shi wannan Bature, Hoffer, ya fi auna al'umma da yadda take gyaran abin da ta gina fiye da yadda take ginawa. In haka ne, a nan na yarda da shi ɗari bisa ɗari, domin famfon tuƙa-tuƙa shi ne shaida. Ana buɗe shi da tafi da hoto, shekara ba ta cika ba ya tsaya, kuma sau da yawa abin da ya tsayar da shi roba ce da ba ta kai kuɗin buhun siminti ba.

Iri biyu aka fi kafawa. India Mark II bututunsa na ƙarfe ne, kowane tsayin mita 3, in silinda tana zurfin mita 30 sai an ciro bututu 10 kafin a kai ga robar, aikin mutum huɗu ko biyar da manyan sifanu. In ruwan wurin na cin ƙarfe, bututun kan yi tsatsa ya huje, ruwa ya fito ja. Afridev bututunsa na roba ne, ana zaro fistin da bawul ɗin ƙasa ta cikin bututun ba tare da an ciro shi ba, mutum biyu sun isa. Kwamitin gari na iya gwada famfo da kansa. A bar shi ya huta rabin awa, in sai an tuƙa fiye da sau 5 kafin ruwa ya zo, bawul ɗin ƙasa ko mahaɗar bututu na yoyo. A tuƙa cikakken tuƙi 40 a minti ɗaya cikin bokiti, lafiyayyen Afridev zai ba da wajen lita 15, in ya sauka zuwa 10 robar fistin ta cinye. Sarƙar India Mark II na son giris duk wata, a kuma ɗaure notinan kai. Hannu in ya fara rawa gefe da gefe, boris ya tafi, in aka bari zai ci ƙarfen kan famfon.

Amma babbar cutar tun ranar haƙa take. A yi haƙa cikin damina ko daf da ita, ruwa yana sama, a tsaya da wuri, watan Maris rijiya ta ƙafe. A biya ɗan kwangila kuɗin mita 60 ya haƙa 35. A ƙi zuba tsakuwa kewaye da bututun tacewa, yashi ya shigo ya cinye roba. A ƙi toshe bakin rijiyar da siminti, ko a haƙa ta kusa da masai, alhali ana son tazarar mita 30.

Injiniyan Ruwa, Birnin Kebbi:
Maigida, ka faɗi gaskiya, kuma nan ne aikinka da nawa ke haɗuwa. Ƙasar Tsafe da Gusau da Maru dutse ne a ƙasa, ruwa na cikin tsaguwar dutsen da ruɓaɓɓen samansa, taku kaɗan ke raba rijiya mai ruwa da busasshiya. Dole a yi awon ƙasa da na'ura kafin a kafa injin haƙa. Yankin Birnin Kebbi da Argungu da Gwandu kuwa shimfiɗar yashi da laka ce mai riƙe ruwa, samunsa ya fi sauƙi, matsalar ita ce a sa bututun tacewa daidai saitin yashin. Kwangila ɗaya da zurfi ɗaya ga jiha duka, wadda aka rubuta a ofis, ba za ta yi aiki a wuraren nan biyu ba.

Almajirin Gwandu:
To ashe ko makaniken yana buƙatar mai na'ura, mai na'urar kuma yana buƙatar wanda zai tsaya a kansa. Ni dai har yanzu ina kan bakana cewa ba sai mun aro Hoffer ba.

Malamar Yaƙi da Jahilci, Argungu:
Malam, a karanta su duka biyun a aji, a ga wanda hujjarsa ta fi tsayuwa. Barista, in kwamitin gari zai rubuta wasiƙar nan a kan rijiyar da ta ƙafe, me da me zai nema?

Lauya, Birnin Kebbi:
Hajiya, takardar kwangila da shaidar biya, kamar yadda na faɗa. Sauran na fasaha ne, Injiniya ya fi ni sanin sunayensu.

Injiniyan Ruwa, Birnin Kebbi:
Takardu uku: rahoton awon ƙasa, rahoton haƙa mai nuna zurfi da irin ƙasar da aka ratsa da inda aka sa bututun tacewa, da sakamakon gwajin jan ruwa, wanda ke nuna lita nawa rijiyar ke bayarwa a awa da yadda ruwan ke sauka. A haɗa da sakamakon gwajin tsabtar ruwan, musamman a garuruwan da ake aikin zinari.

Makanikin Famfo, Tsafe:
In takardar haƙa ta zo, kada a tsaya a karanta ta kawai. Ranar da za a ciro bututu don gyara, a ɗaura ƙarfe mai nauyi a igiya a zura har ya taɓa ƙasa, a auna igiyar da tef gaban mai gari da liman da 'yan kwamiti, a rubuta adadin, kowa ya sa hannu. Sai a ajiye shi kusa da zurfin da aka biya kuɗinsa, a kai wa Barista duka biyun.